Kara, Ƙwarya da Auduga: Yadda Ake Haɗa Kayan Tashe da Adon Sallah a Gida

A ƙasar Musawa, daga Jikamshi har iyaka da Matazu da Malumfashi, da wuya ka shiga gidan manomi ka rasa kara jingine a bayan danga, ko wata tsohuwar ƙwarya da ta tsage aka yar a gindin rumbu. Su ne jarin mai haɗa kayan tashe da adon Sallah, sai ɗan dunƙulen auduga da igiyar rama. Abin da za a sayo a kasuwa bai taka kara ya karya ba: reza, zare, bula, da ƙaramar tocila. Lokaci shi ne abin da aikin yake ci. Tashe yana farawa idan azumi ya kai 10, kuma wanda ya bari sai ana gobe sannan ya tashi neman ƙwarya, abin da zai fito da shi ba zai kwana uku ba.

Shekarun nan ma sun zo wa mai wannan sha'awa daidai. A 2025 an ɗauki azumi ranar 1 ga Maris, kuma kowace shekara watan yana matsowa da kwana 10 ko 11. Ke nan har wasu shekaru masu yawa azumi zai riƙa faɗowa cikin hunturu, ba da nisa da girbin dawa ba, lokacin da kara yake sabo, duma ya bushe, iska kuma tana busar da fenti cikin yini guda.

Tanadi tun kaka

Karan dawa za ka nema, mai kauri, mai doguwar gaɓa. Karya guda ɗaya ka duba totuwarsa. Idan fara ce tas kuma tana da ƙarfi in ka danna da farce, ka samu. Idan ta yi ja ko baƙi da ramuka, tsutsa ta riga ka, bar wa masu tuwo su hura wuta. Ɗaure wanda ka zaɓa ka ɗora a kan rumfa, don a ƙasa gara za ta cinye shi, a tsaye kuma awaki ba za su bar shi ba.

Auduga ba matsala ba ce a yankin da ya yi suna da nomanta tun daga Funtua har Malumfashi. Abin da ya rage a jikin itace bayan an gama tsinka ya isa gemu goma, amma a nemi izinin mai gona kafin a yi kala. A cire angurya, a shiɓe ta ta yi laushi. Rama kuwa wadda aka jiƙa aka saɓule ake so, fara, ba a riga an tufka ta ba. Sai ƙaro daga jikin itace ko daga masu sayar da kayan tawada, farar ƙasa, da ragowar ƙyallaye daga wajen tela. Tela zai ba ka cike da leda idan ka je kafin cunkoson ɗinkin Sallah ya sa shi fushi da kowa.

Tambayoyi biyu kafin a ɗauki wuƙa

Ta farko ta addini ce, kuma ba abin kaucewa ba ce. Malamai sun tsananta a kan sassaƙa surar abu mai rai, amma da yawansu sun sassauta a kan kayan wasan yara. Suna kafa hujja da abin da ya zo a Bukhari da Muslim cewa matan Sahabbai sukan yi wa 'ya'yansu abin wasa da ulu ranar azumin Ashura, don ya ɗauke musu hankali daga yunwa, da kuma ruwayar Abu Dawud game da dokin wasa mai fukafukai da Nana A'isha take da shi. Shawarata ita ce a tsaya inda sassaucin ya tsaya: abin wasan yara ne, a yi wasa da shi a ajiye, kada a kafa shi a bango ana girmamawa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa, ko ya tsaya a kan tauraro, fitila da tuntu, waɗanda ba su da rai balle gardama.

Ta biyu ta tsaro ce. Kowa ya san halin da kudancin Katsina ya shiga a shekarun nan, ya kuma san abin da ganin mutum da rufaffiyar fuska cikin dare yake jawowa. Ko a birnin Kano, garin Nalako sarkin gwagware, 'yan sanda sun sha dakatar da tashe saboda ɓata-gari da ke fakewa da shi. Don haka duk fuskar da za a haɗa, a yi ta yadda za a iya ɗage ta sama da hannu ɗaya, ta yara ce ba ta samari ba, kuma a yi wasan a cikin gida ko ƙofar gida da sanin mai unguwa. Asali ma tashen Hausa bai dogara da rufe fuska ba. Wasan Tsoho da gemu auduga ce da tsumma da sanda. Jatau mai magani tarkacen saiwoyi ne da baki mai zaƙi. 'Yan mata masu Mairama da Daudu kayan manya kawai suke arowa. Inda fuskar ƙwarya ta yi ƙarfi sosai shi ne Wagadugu ta Burkina Faso, inda yara ke wasan dodo a watan azumi da fuskokin dabbobi, wasan da ake danganta zuwansa can da fataken Hausawa na ƙarni na 19.

Fuskar ƙwarya

Nan ne gwaninta take, nan ne kuma aka fi yin ɓarna.

Zaɓi ƙwarya da fuskar mai sawa, ba da idonka ba. Kira yaron, kifa masa ita a fuska. Ta rufe daga goshi zuwa haɓa, ta bar kunnuwa a waje, kuma kada ta taɓa hanci. Mai kauri sosai tana da nauyi, mai sirantaka kuma tana fashewa da an huda ta. Wadda kaurinta ya kai kamar rabin santimita ta fi. Tsohuwa wadda aka sha fura a ciki ta fi sabuwa, don ɗacinta ya fita. Idan sabuwa ce, cika ta da ruwa ta kwana biyu ko uku ana sauya ruwan, a kankare cikin da cokali, a shanya a inuwa. Ƙurar cikin sabon duma tana da ɗaci, tana sa tari da hawaye, ba abin da za a manna wa yaro a hanci ba ne. Tsagaggiya ma tana yi: a huda ƙananan ramuka gefe da gefen tsagar a ɗinke, yadda gyartai yake yi, ɗinkin ma ya zama ado.

Ido shi ne ma'aunin komai. Tsakanin ƙwayar ido da ƙwayar ido a wajen yaro ɗan firamare kamar santimita 5 ne zuwa 5 da rabi, a wajen babba 6 zuwa 6 da rabi. Amma kada ka dogara da lissafi kaɗai. Auna da tsinke a fuskar yaron, idonsa a rufe, ka mayar da awon kan ƙwarya ka ɗiga da gawayi. Ramin ido ya fi idon girma, kamar faɗin marfin kwalbar lemo. Masu koyo sukan yi shi ƙarami don ya yi kyau, sai yaro ya fita da dare ba ya ganin gefensa, ya faɗa kwata.

Kada ka soka wuƙa kai tsaye, ƙwarya za ta tsage har baki. Sa ƙusa a garwashi, riƙe ta da filaya, ka bi zanen da ka yi kana huda ramuka kusa da kusa. Idan ka zagaye, sai ka haɗa ramukan da bakin ƙaramar wuƙa, tsakiyar ta faɗo da kanta. Goge bakin ramin da samfefa har sai ka shafa da yatsa ba ka ji kaifi ba. Haka za ka yi wa baki, kuma ka buɗe shi sosai, don mai tashe waƙa yake yi, idan murya ba ta fita wasan ya mutu. Ƙara ramuka uku ko huɗu a ƙarƙashin hanci saboda numfashi. Wuta da wuƙa aikin babba ne. Yaro ya riƙe gawayi ya yi zane.

Hanci da kunne da ƙaho duk daga dangin duma suke fitowa. Wuyan ludayi da ya karye yana zama hanci ko bakin tsuntsu. Ɓallin ƙoƙo yana zama kunnen kura. Ɗinke su za ka yi da zare mai ƙarfi ta ramukan ƙusa, don gam ba ya kama bayan ƙwarya mai santsi, da an yi tsalle biyu zai saki.

Maɗauri a wuri uku ake sa shi: ɗaya a kowane gefe daidai saman kunne, na uku a tsakiyar goshi ya bi ta kan kai ya haɗu da su a ƙeya. Na ukun nan shi ke hana fuskar zamewa, shi ne kuma ke riƙe ta idan an ɗage ta sama. Robar tsohon tub ɗin keke ta fi igiya. Daga ciki, a naɗe auduga a ƙyalle a ɗinka a goshi da kumatu, don kada bakin ƙwarya ya ci fata.

Idan babu ƙwaryar da ta dace

Sai a koma takarda. Kifa ƙwarya ko kwano, rufe shi da leda, ka gina hanci da gira a kai da yumɓu, ka sake rufewa da wata ledar. Dama garin rogo ko sitaci, awo 1 a ruwa awo 4 ko 5, a dafa har ya yi kaurin talge, a zuba gishiri cokali guda saboda fumfuna. Yayyaga takarda da hannu, faɗin yatsu biyu. Wadda aka yaga ta fi wadda aka yanka da almakashi kwanciya. Tsoma, share da yatsu, shimfiɗa. Layi na farko a tsaye, na biyu a kwance, haka har biyar ko shida, ana barin kowane biyu su sha iska. Duba takardar da kyau kafin ka yaga: duk wadda ke da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a ware ta, jaridu da tsofaffin littattafan makaranta ba sa rasa su. Buhun taki da kwalin maganin feshi kuwa kada su kusanci wannan aiki.

Launi

Fentin mai na kanti yana ƙyalli, amma warinsa yana daɗewa a cikin ƙwarya, kuma yaro ne zai shaƙa. Launin gida ya wadatar, kuma a ganina ya fi dacewa da jikin duma.

Jiƙa ƙaro a ruwan ɗumi ya kwana, a tace. Wannan ruwan shi ne uwar kowane launi, shi ke sa ya kama. Fari: farar ƙasa da aka daka aka tankaɗe. Baƙi: kunkunniyar gindin tukunya ko gawayi mai laushi, kamar dai yadda almajirai ke haɗa tawada. Ja: karan dafi da aka jiƙa da ɗan ruwan kanwa, irin wanda dukawa ke rina fata da shi. Rawaya: gangamau. Shuɗi: bular wanki. Kankare santsin bayan ƙwarya da samfefa tukuna, shafa fari ko'ina, bari ya bushe, sannan sauran launuka su hau. Buroshi kuwa, tauna bakin ɗanyen tsinke ko ka ɗaure gashin kaza.

Akwai baƙin da yara ke so saboda yana da sauƙin samu, wato garin cikin tsohon batir. A hana su. Guba ne, kuma daga hannu sai baki, sai ido.

Wanda ke da hannu zai iya barin fenti gaba ɗaya ya yi zanen wuta irin na masu ƙwarya: a ɗora bakin wuƙa a garwashi, a ja layi a jikin ƙwarya, ya fito baƙi-baƙi ba ya gogewa. Dagi, tsani, zanen ƙafar kaza, duk suna zama. A ƙarshe a shafa man gyaɗa kaɗan da tsumma. Launi biyu ko uku sun isa fuska ɗaya, kuma a yi layukan da kauri, don a hasken tocila za a kalle ta, ƙananan zane ba sa fitowa. Abu guda da ba na so a gani: fuskar da aka yi don a kwaikwayi wata ƙabila ko mai wata nakasa. Kura, biri, zaki, bunsuru da tsoho mai gemu sun ishi kowa dariya.

Gemu, geza da kan burtu

Yara sukan manna auduga a haɓa da koko ko ƙaro, ta zube kafin su kai gida na uku. Yanka ƙyalle fari daidai haɓa, ja auduga tsayi-tsayi, ka ɗinka ta layi-layi daga ƙasa zuwa sama yadda na sama zai rufe ɗinkin na ƙasa, ka sa zare ya rataya a kunne. Gezar zaki da rama ake yi: yanka tsawon taƙi guda, ninka biyu, zura ta ramukan da ka huda a gefen ƙwarya, ka ja ta cikin kanta, sannan ka taje. Auduga da rama abincin wuta ne. Mai gemu kada ya riƙe aci-bal-bal ko kyandir, kada kuma ya raɓi murhun mai ƙosai.

Ga wanda ba ya son rufe fuska ko kaɗan, maharbanmu sun riga sun nuna hanya. Kan burtu, wanda maharbi ke ɗaurawa a goshi ya sunkuya yana tafiyar tsuntsu har ya kusanci nama, fuska a buɗe yake barinta. Na wasa ba ya buƙatar itace da fata: lanƙwasasshen wuyan duma, baki na ɓawon kara, a naɗe da baƙin ƙyalle, a sa jan ƙyalle a maƙogwaro, a ɗinka a kan maɗaurin goshi. Na maharba akan yi masa ado da idon zakara, jajayen 'ya'yan nan masu ɗigon baƙi. Kada a sa su a na yara, guba ce mai kisa idan aka tauna. Jan dutsen ado na roba ya maye gurbinsu.

Dokin kara

Kara biyu masu tsawon kamar mita 1 da 'yan kai su ne haƙarƙari. Haɗa su da gajeru biyu, gaba da baya, a bar tsakiya yadda ƙugun yaro zai shiga ya juya. Kafin ka ɗaure, ɗan fafe inda kara zai hau kara don su rungumi juna, ka ɗaure da jiƙaƙƙiyar rama. Idan ta bushe sai ta ƙara tsukewa. Wuya kara uku ne a haɗe, a jingine gaba, a tokare da wasu biyu daga haƙarƙari. Wannan tokarar ita ake mantawa, shi ya sa dokin yara da yawa kansa ke faɗuwa tun a zagayen farko. Kai kuwa a cusa tsumma a tsohuwar safa. Igiya biyu su gicciye a kafaɗa su ɗauki nauyin, zane ya sauko ya rufe ƙafafun mahayi.

Sauran aikin ado ne, kuma a nan a kalli dawakin hakimai a hawan Sallar Katsina a kwaikwaya: jalala ta ƙyalle mai ƙyalli, linzami na tufkakken zare, layu na kwali da aka naɗe da takardar alawa, tuntaye a goshi da ƙirji. Marafan kwalba da aka daddaƙe aka huda aka zura a waya suna ba da amon da ake so. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano a jerin al'adun duniya da ake tattali, a lokacin da 'yar ƙasar Musawa, Hannatu Musawa, ke riƙe da ma'aikatar al'adu ta tarayya. Yaron da ya san inda jalala take zama a dokin kara ya fara sanin wannan gadon da hannunsa.

Adon gida da na makaranta

Duk wanda ya taɓa yin motar kara ko tabarau ya san dabarar: a ɓare ɓawon kara tsiri-tsiri, a yanka totuwa gunduwa-gunduwa, a riƙa soka ɓawo cikin totuwa. Ɓawon yana da kaifin reza, a kankare gefensa kafin a ba yara. Idan ana son lanƙwasa shi, kamar a jinjirin wata, a jiƙa shi na rabin sa'a.

Fitila: gunduwar totuwa 8 a kusurwoyi, tsirin ɓawo 12 masu tsawo ɗaya, sai ga akwati. Manna takarda mai shara-shara a gefe huɗu, yanka tauraro a jiki, rataya ƙaramar tocila a ciki. Ban da kyandir. Tauraro: tsiri 5 masu tsawo ɗaya, a gicciya su, totuwa a kowane tsini. Tuntu: naɗa zaren ulu sau 50 a kwali mai faɗin tafin hannu, ɗaure sama, yanke ƙasa, sake ɗaure wuya. Tutocin da 'yan Islamiyya ke ratayawa lokacin Maulidi ko saukar karatu, ƙyallen tela ne a yanka kusurwa uku a ɗinka a igiya. Sun fi na leda, don ana wanke su a sake amfani da su, kuma akuya ba ta haɗiye su ta mutu.

Ajiya

Bayan Sallah a kwance gemu da geza a wanke, a shanya. Fuskar takarda ita ce ɓera da kyankyaso suka fi so saboda sitacin da ke jikinta, don haka a sa ta a buhu tare da busasshen ganyen bedi, a rataye a rufin ɗaki inda ba ya yoyo. Ta ƙwarya a shafe ta da mai, a kifa ta ita kaɗai, kada a ɗora mata komai. Dokin kara ba ya kai wata shekara, damina na sauka zai yi laushi. A cire jalala da tuntaye da linzami a adana, karan a ba masu girki. A rubuta sunan yaro da shekarar a cikin kowace fuska da tawada, don baɗi kansa ya ƙara girma, sai a san wadda za ta koma hannun ƙaninsa da wadda za a sake wa maɗauri.